Kufan Dogo: Shin Mayar da Tsohon Layin Jirgin Ƙasa Hanyar Keke Yana Farfaɗo da Ƙauyuka?

A ranar 30 ga Afrilu 1990 aka rufe layin dogon da ya ratsa tsakiyar yankin Otago, can kudancin ƙasar New Zealand. Ba a jima ba ma'aikata suka bi layin suna ɗebe ƙarafan, aka bar tsakuwa da gadoji da tashoshin da babu kowa a cikinsu. Ƙauyukan bakin layin, irin su Hyde da Wedderburn da Oturehua da Lauder, dama sun daɗe a cikin wahala. Tun 1984 gwamnati ta fara janye tallafin da take ba manoma, matasa suna ta ƙaura zuwa birni, ofisoshin gidan waya da rassan banki suna rufewa a karkara. Tafiyar jirgin sai ta zama kamar an ƙarasa abin da aka fara.

Shekara goma bayan haka, a watan Fabrairun 2000, aka sake buɗe wannan hanya. Sai dai a wannan karon babu jirgi. An mayar da ita hanyar masu keke da masu tafiya a ƙasa da mahaya doki, mai tsawon kilomita 150 daga garin Middlemarch zuwa Clyde. Yau mutane kan taso daga ƙasashe masu nisa don kawai su yi kwana uku zuwa biyar suna tuƙa keke a kanta.

Irin wannan hanya, wadda a wannan rubutu zan riƙa kira "hanyar kufan dogo", ta bazu a Amurka da Turai da Ostireliya. Kusan duk inda aka zo gina ta, alƙawarin ɗaya ne: 'yan yawon buɗe ido za su zo, kuɗi za su shigo, ƙauye zai farfaɗo. To shin haka abin yake? Tambayar ba ta wasa ba ce, domin kuɗin jama'a ake kashewa, filayen mutane ake ratsawa, wani lokacin ma fatan dawowar jirgi ake binnewa. Bari mu bi tarihin abin, sannan mu duba lissafin.

Yadda dogo ya zama kufai

A shekarar 1916 tsawon layukan dogo a Amurka ya kai ƙololuwa, mil 254,000, wato sama da kilomita 400,000. Daga nan aka fara gangarowa. Mota ta yi arha, manyan motocin dakon kaya suka yawaita, sannan a 1956 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da ginin manyan tituna masu haɗa jihohi. Kamfanonin jirgin ƙasa suka shiga asara. A 1970 kamfanin Penn Central, wanda yake cikin mafiya girma a ƙasar, ya karye. A 1980 aka yi dokar Staggers, wadda ta sassauta wa kamfanonin dokoki, ciki har da sauƙaƙa musu barin layin da ba ya kawo riba. Dubban kilomitoci suka zama kufai cikin 'yan shekaru.

A Birtaniya ma haka ta faru, sai dai can kusan lokaci guda aka yi yankan. Rahoton Richard Beeching na 1963 ya ba da shawarar rufe kusan mil 5,000 na layi da tashoshi sama da 2,300, kuma an aiwatar da mafi yawan shawarar. A Sifaniya, ƙidayar da aka yi a 1993 ta gano sama da kilomita 7,000 na layukan da ba a amfani da su.

Abin da ya rage bayan an ɗebe ƙarafa shi ne wani siririn fili mai tsawon gaske, wanda aka riga aka baje, aka yi masa gadoji, aka fasa masa duwatsu. Ba ya nomuwa sosai, ba ya ginuwa sosai. Amma ga mai keke, samun irinsa sai an tona.

Me ya sa layin dogo ya dace da keke?

Amsar tana cikin kimiyyar gogayya. Ƙafar jirgi ƙarfe ce, a kan ƙarfe take gudu, kuma ƙarfe ba ya kama ƙarfe kamar yadda tayar roba ke kama kwalta. Wannan ne ya sa jirgi ke iya jan kaya masu nauyi da ƙaramin ƙarfi a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kuma shi ne ya sa ba ya iya hawan tudu mai tsini: ƙafafun sai su yi ta juyawa a wuri ɗaya. Don haka dole injiniyoyin da suka gina layukan suka kauce wa tudu. Inda suka tarar da kwari suka ɗora gada, inda suka tarar da dutse suka huda shi. A layin Otago, hawa mafi tsanani shi ne mita 1 a cikin kowace mita 50, wato kashi 2 cikin ɗari.

Mu ɗan yi lissafi. A ce mutum da kekensa sun kai kilo 90. A hawan kashi 2 cikin ɗari, ƙarfin da nauyinsa ke jan sa baya da shi daidai yake da nauyin kilo 1.8 kacal. A hawan kashi 10 cikin ɗari, irin wanda ake samu a titunan kan duwatsu, abin ya kai kusan kilo 9. Na farkon, dattijuwa 'yar shekara sittin za ta iya, yaro ɗan shekara goma ma zai iya. Na biyun sai wanda ya saba.

Wannan bambanci yana da muhimmanci ga maganar kuɗi. Hanyar da sai 'yan tsere ke iya bi, kasuwarta ƙarama ce. Hanyar da iyali za su iya bi, babu mota, babu hawa mai kashe gwiwa, kasuwarta ta haɗa da 'yan fansho da ma'aurata da yara, kuma irin waɗannan ne ke neman gado mai laushi da abinci mai zafi idan rana ta faɗi. Akwai kuma wata gadon da jirgin tururi ya bari: saboda yana buƙatar shan ruwa a hanya, manoma kuma suna buƙatar wurin loda kaya, an jera tashoshi kusa da juna, garuruwa suka tsiro a gefensu. Tazarar da ke tsakaninsu sau da yawa ba ta wuce abin da mai keke zai ci cikin awa ɗaya ko biyu ba.

Wasiƙa ɗaya, da dala 12,000

A watan Satumba na 1963 jaridar Chicago Tribune ta buga wasiƙar wata dattijuwa mai nazarin tsirrai da halittu, May Theilgaard Watts, lokacin tana da shekara 70. Ta yi kira da a mayar da wani layin jirgi da aka bari a yammacin birnin Chicago hanyar tafiya a ƙasa, kafin a yayyanka filin a sayar. Mutane suka amsa, 'yan sa-kai suka fito, daga ƙarshe aka samu hanyar da ake kira Illinois Prairie Path.

A jihar Wisconsin kuma, gwamnatin jiha ta sayi wani layi mai tsawon kusan kilomita 52 tsakanin garuruwan Elroy da Sparta a kan dala 12,000. An buɗe shi ga jama'a a 1967, kuma shi ne aka fi ambata a matsayin hanyar kufan dogo ta farko a Amurka. Yana da ramuka uku da aka huda cikin dutse, inda dole mahayi ya sauka ya tura kekensa da tocila a hannu. Garin Sparta har yau yana yi wa kansa kirari da babban birnin keke na Amurka.

A Ingila, wasu 'yan rajin keke a birnin Bristol sun kafa ƙungiya a 1977, wadda daga baya ta zama Sustrans. Tsakanin 1979 da 1986 suka gina hanyar mil 13 daga Bristol zuwa Bath a kan tsohon layi, tare da taimakon 'yan sa-kai.

Sai dai a Amurka akwai wani ƙulli na shari'a. Kamfanonin jirgi da yawa ba su mallaki filin da layinsu ya bi ba, izinin wucewa kawai suke da shi. Ranar da aka bar layin a hukumance, filin sai ya koma hannun masu gonakin da ke gefe. Layin kilomita ɗari yana iya komawa hannun mutum ɗari biyar a dare ɗaya, kuma sake haɗa shi sai dai a mafarki. Don toshe wannan, a 1983 majalisar dokokin Amurka ta yi gyara ga dokar hanyoyin ƙasa, ta kawo tsarin da za mu iya kira "ajiyar layi". A ƙarƙashinsa, ba a ɗaukar layin a matsayin wanda aka bari. Ajiye shi aka yi don jirgin gobe, kafin nan kuma a yi amfani da shi a matsayin hanyar keke. A 1986 David Burwell da Peter Harnik suka kafa ƙungiyar Rails-to-Trails Conservancy don yaɗa wannan aiki, kuma yau Amurka na da sama da mil 25,000 na irin waɗannan hanyoyi.

Masu filaye ba su yi shiru ba. Wasu ma'aurata a jihar Vermont, iyalan Preseault, sun kai ƙara har Kotun Ƙoli. A 1990 kotun ta ce dokar tana kan ka'ida, amma mai fili yana da damar neman diyya. Daga baya suka ci shari'ar diyyar, kuma tun daga lokacin gwamnatin tarayya ta biya masu filaye miliyoyin daloli a irin waɗannan ƙararraki. Wannan kuɗi ne da ba kasafai ake saka shi cikin lissafin ribar hanyoyin ba.

Mu koma Otago

Layin Otago ɗan zinariya ne. An gano zinariya a yankin a 1861, mutane suka yi ta kwarara, garuruwa suka tsiro. An fara ginin layin a 1879, amma saboda wahalar ƙasar bai isa Middlemarch ba sai 1891, bai isa Clyde ba sai 1907, ya ƙare a Cromwell a 1921. Kafin ya isa, zamanin rububin zinariya ya wuce, sai ya koma dakon tumaki da ulu da 'ya'yan itatuwa. Da motoci suka ƙwace wannan ma, abin da ya riƙe shi a ƙarshen rayuwarsa shi ne dakon siminti da ƙarafa zuwa aikin madatsar ruwa ta Clyde. Aikin na ƙarewa, layin ya mutu.

A 1993 hukumar kula da muhalli da gandun daji ta ƙasar ta sayi filin, a 1994 aka kafa wata gidauniya don tara kuɗin gyara. An sake shimfiɗa katako a kan gadoji sama da 60, aka yi musu makari, aka gyara doron hanyar. Manoma da yawa a lokacin ba su so abin ba. Tsoronsu bai wuce na kowane manomi ba: baƙi za su bar ƙofar shinge a buɗe, su firgita dabbobi, su tayar da gobara a busasshiyar ciyawa. Wasu kuma gani suke yi babu mai hankalin da zai biya kuɗi ya zo ya sha rana da iska a wannan fako.

Gani ya kori ji. Cikin 'yan shekaru, tsofaffin gidajen saukar baƙi na zamanin zinariya da ke dab da rufewa suka samu masu kwana. Iyalan manoma suka gyara ɗakunan da 'ya'yansu suka bari suka mayar da su masauki. Aka samu kamfanonin hayar keke, da masu motocin da ke ɗaukar jakunkunan matafiya daga masaukin yau zuwa na gobe, da masu sayar da shayi da abinci a tsofaffin tashoshi. Abin ya yi tasirin da a 2009, lokacin da tattalin arzikin duniya ya shiga matsala, gwamnatin Firaminista John Key ta ware dalar New Zealand miliyan 50 don gina irin waɗannan hanyoyi a faɗin ƙasar, da Otago a matsayin abin koyi.

Amma ko a Otago akwai iyaka. Yankin yana cikin wurare mafiya sanyi a ƙasar: a ƙauyen Ophir, dab da hanyar, an taɓa auna sanyin digiri 21.6 ƙasa da sifili a watan Yulin 1995. A irin wannan lokaci mahaya kan ɗauke ƙafa. Kasuwar ta 'yan watanni ce, ayyukan da yawa na wucin gadi ne, kuma ga yawancin iyalai kuɗin masauki ƙari ne a kan kiwo. Har yau noma da kiwo ne ƙashin bayan yankin.

Ina ake samun kuɗin, ina suke tafiya?

A nan ne nake so mai karatu ya ɗan natsu, domin a nan ake yawan ruɗar mutane da manyan lambobi.

A 1992 hukumar kula da wuraren shaƙatawa ta Amurka, tare da masu bincike na jami'ar jihar Pennsylvania, ta fitar da wani nazari kan hanyoyin kufan dogo guda uku. Ta farko, Heritage, tana karkarar jihar Iowa. Ta biyu, St. Marks, tana Florida. Ta uku, Lafayette/Moraga, gajeriya ce a unguwannin bayan gari a California. Ta California ce ta fi kowacce jama'a, kusan ziyara 400,000 a shekara, ta Iowa kuwa kusan 135,000. Amma mai ziyarar ta California yana kashe ƙasa da dala 4 a rana, na Iowa sama da dala 9, na Florida kusan dala 11. Da aka ware kuɗin da baƙi daga wajen yankin suka shigo da su, ta Iowa ta kawo kusan dala 630,000 a shekara, ta California kuma ƙasa da dala 300,000. Wato hanyar da ta fi cika ita ce ta fi kawo ƙarancin sabon kuɗi.

Dalilin a fili yake. Masu bin ta California maƙwabta ne, sun fito miƙe ƙafa su koma gida su ci abinci. Ko sun sayi lemo a hanya, kuɗin dama a garin za a kashe su. Masana tattalin arziki suna bambanta kuɗin da suka shigo daga waje da kuɗin da suka canza aljihu kawai a cikin gari. Na farkon ne kaɗai ke ƙara wa gari arziki.

Abu na biyu shi ne kwana. Ɗauki mutum biyu a matsayin misali. Ɗaya ya zo da motarsa, da kekensa, da abincinsa a kula, ya yi awa uku ya juya. Abin da ya bari a garin bai wuce kuɗin ruwan sha ba. Na biyun ya yi hayar keke, ya kwana huɗu a masaukai huɗu, ya ci abinci sau goma sha biyu, ya biya mai ɗaukar jaka, ya biya motar da za ta mayar da shi inda ya faro. A na'urar ƙidaya da ke bakin hanya dukansu "mai ziyara" ne. A aljihun 'yan gari kuwa, na biyun yana iya ninka na farkon sau hamsin. Shi ya sa tsawon hanya yake da muhimmanci: kilomita 15 yawon yamma ne, kilomita 150 kuwa dole a kwana.

Abu na uku shi ne yoyo. Idan kamfanin da ya shirya tafiyar yana babban birni, keken daga waje aka kawo, abincin ma a mota aka taho da shi, to kuɗin sun ratsa ƙauyen ne kawai kamar yadda jirgin ke ratsawa a da. Ribar tana zama ne idan mai masaukin ɗan gari ne, a wurin manomin gari yake sayen ƙwai da nama, yaran gari yake ɗauka aiki.

Abu na huɗu shi ne sauyin wuri. Iyalin da suka zo hawan keke wataƙila da ba don hanyar ba da bakin teku za su je a cikin ƙasar. Ga ƙauyen wannan riba ce, ga ƙasa baki ɗaya kuwa an ɗauke daga wannan aljihu ne an saka a wancan. Ba laifi ba ne idan manufar ita ce a tura kuɗin birni zuwa karkara, amma ya kamata a kira abin da sunansa.

Misalin Pennsylvania

Babbar hanyar da aka fi kafa hujja da ita a Amurka ita ce Great Allegheny Passage, mai tsawon mil 150, kusan kilomita 240, daga Pittsburgh zuwa Cumberland a jihar Maryland. A can take haɗuwa da wata tsohuwar hanyar bakin magudanar ruwa mai mil 184 da rabi, wadda ke kaiwa har birnin Washington. An sayi yankin farko na filin a 1978, ba a kammala ba sai 2013. Shekara 35 kenan.

Wani nazari da aka yi kan shekarar 2019 ya ƙiyasta cewa hanyar ta jawo hada-hadar kusan dala miliyan 121, tana kuma riƙe da ayyuka kusan 1,400. Lamba ce mai kyau, amma abu biyu ya kamata a sani. Na farko, ba haka kawai ta faɗo ba. Tun 2007 aka kafa wani shiri na musamman don garuruwan bakin hanyar: ana ba masu ƙananan sana'o'i rance, ana kafa allunan da ke nuna wa mahayi inda zai samu abinci da masauki, ana gyara hanyar da ta haɗa kufan dogon da tsakiyar gari. Mahayin da ya gaji ba zai hau tudu na kilomita biyu don neman shagon da bai san da shi ba. Na biyu, hanyar ta ratsa garin Homestead, inda masana'antar ƙarfe guda ɗaya ta taɓa ɗaukar dubban ma'aikata kafin a rufe ta a 1986. Ayyuka 1,400 da suka warwatsu a kilomita 240, da yawansu na lokacin zafi kawai, ba su maye gurbin wancan ba. Da babu gara ba daɗi, amma kada a ce an warke.

Ni idan na ga irin waɗannan rahotanni, tambayoyi huɗu nake fara yi. Wa ya biya kuɗin binciken? Sau da yawa masu goyon bayan hanyar ne. Yaya aka ƙirga mutanen? Na'ura tana ƙirga wucewa ne, wanda ya je ya dawo ya zama biyu. An ware baƙi daga 'yan gari? Sannan an cire kuɗin gini da na gyara na kowace shekara? Gada mai shekara ɗari ba ta daina tsatsa don jirgi ya daina hawa ba.

Jirgi ko keke?

Akwai gardamar da ta fi ta lissafi zafi. A arewacin jihar New South Wales ta Ostireliya, an dakatar da jirgin da ke zuwa Murwillumbah a 2004. Mutanen yankin suka rabu biyu na tsawon shekaru: masu son a dawo da jirgi, da masu son hanyar keke. A Maris 2023 aka buɗe kashin farko na hanyar keken, kilomita 24. Masu son jirgi suna da hujjar da ba za a raina ba: tsoho marar mota da ke son zuwa asibiti, hanyar keke ba ta yi masa komai ba. Masu son keke kuma suna cewa layin ya shekara kusan ashirin yana ruɓewa babu gwamnatin da ta ware kuɗin gyara shi, kuma hanyar keke aƙalla tana riƙe filin a hannun jama'a.

Tarihin Amurka ya ba kowane ɓangare abin riƙewa. Ajiyar layi ta hana dubban kilomitoci tarwatsewa. Amma layukan da jirgi ya sake komawa kansu bayan an mayar da su hanyar keke 'yan kaɗan ne. Da zarar mutane sun saba da abu, sun gina sana'a a kansa, karɓe shi ba sauƙi.

To mu fa?

Mu ma muna da kufan dogo. Tsakanin 1911 da 1914 Turawan mulkin mallaka sun gina wani siririn layi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, sama da kilomita 200, don kwaso kuza. Ana kiran sa ƙaramin layin Bauchi, ko da yake bai taɓa zuwa garin Bauchi ba. Da babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927, amfaninsa ya ragu, aka rufe shi a 1957, shekara goma cif kafin a buɗe Elroy zuwa Sparta. A takarda yana da abubuwan da suka ɗaga Otago: tsawon da zai sa a kwana, hawa a hankali zuwa tsaunuka masu sanyi, da tarihin ma'adinai.

Amma darasin tarihin nan shi ne takarda ba ta isa ba. Filin da aka bari kusan shekara saba'in ba tare da wata dokar ajiya ba, ba a tsammanin samun sa a haɗe. Baƙon da zai kwana huɗu a hanya yana buƙatar tsaro kafin komai, sannan ruwa, da masauki mai tsabta, da mai faci a kusa. Kuma kasuwar Otago da ta Pennsylvania mutanen cikin gida ne suka fara riƙe ta, masu albashi da hutu da ke ɗaukar keke abin nishaɗi. A wurinmu keke abin neman abinci ne: na ɗan makaranta, na manomi, na mai kai kaya kasuwa. Idan wata rana aka yi irin wannan hanya a nan, wataƙila amfaninta na farko ya zama irin na Bristol zuwa Bath, wadda mutane ke bi zuwa aiki da makaranta ba tare da tsoron tirela ba. Wannan ma riba ce, sai dai ba a auna ta da kuɗin 'yan yawon buɗe ido.

Idan muka tattara, shaidar shekara kusan sittin ta nuna cewa hanyoyin kufan dogo suna jawo masu keke, wannan babu shakka. Kuɗi kuwa suna biyo baya ne idan hanyar ta yi tsawon da za a kwana, akwai abin kallo, akwai birni mai masu kuɗi a kusa, garuruwan sun shirya karɓar baƙi, kuma akwai wanda ya ɗauki nauyin gyara. Inda waɗannan suka haɗu, shagon ƙauye yana iya ci gaba da buɗewa, iyali biyu ko uku su fasa ƙaura. Inda ba su haɗu ba, an samu wurin motsa jiki mai kyau, shi ke nan.

Abu ɗaya da ya haɗa Watts a 1963 da 'yan majalisar Amurka a 1983 da hukumar New Zealand a 1993 shi ne sun riƙe filin tun kafin su san takamaimai abin da zai zama. Yanzu da ake gina sababbin layuka masu faɗi a Nijeriya, a wasu wurare kusa da tsofaffin na zamanin Turawa, tambayar da ta kamata mu fara yi wa hukumomi ita ce: tsohon layin, a hannun wa filinsa zai kasance nan da shekara ashirin?